Kwalin Yaya da rumbu uku

Juma'a, 21 ga Yuni, 2024

Bayan an sauko daga masallaci na jawo kwalin nan daga saman wadirob. Shekara biyu ke nan yana can, tun rusau ɗin da ya cinye Sabil da Karantina da Gulail a nan Jidda, shagon gem ɗin Yaya ya tafi tare da layin baki ɗaya. Da zai koma Kano ya danƙa mini kwalin, ya ce in riƙe, akwai amfani. Ban buɗe ba sai yau, shi ma don uwargida ta ce ko dai in san yadda zan yi da shi ko ta miƙa wa masu kwasar shara.

A ciki akwai rumbun ajiya na waje guda uku, mai giga 500 da mai tera 1 da mai tera 2. Akwai faifan PS2, wato PlayStation 2, cike da jakar nan mai zif, memori huɗu na ajiye inda aka tsaya a wasa, da hannun gem biyu waɗanda ɓera ya ɗanɗani wayarsu. Ga kuma nawa tarin da ke warwatse a Steam da Epic da GOG, shagunan sayar da wasa na intanet, wanda ni kaina ban san adadinsa ba.

Abin da nake so bai da yawa. In rubuta sunan wasa, cikin minti ɗaya in san ko ina da shi, ina yake, kuma yana tashi ko ba ya tashi. Na ba kaina wata guda. Juma'a da Asabar kaɗai nake da su, sauran ranakun sai ɗan abin da ya samu bayan Isha.

Asabar, 22 ga Yuni

Kafin in taɓa komai na duba lafiyar rumbunan da CrystalDiskInfo. Biyu sun nuna shuɗi, lafiya lau. Mai tera 1 ya nuna ruwan ɗorawa, alamar a yi hattara: ya yi awa fiye da 31,000 yana aiki, kuma akwai gurabe da suka lalace a jikinsa waɗanda ya riga ya fara kauce musu. Idan ka kara kunne za ka ji yana wani ƙas-ƙas kamar agogon bango. Na cire shi nan take.

Da yamma na fita na sayo sabo mai tera 4, riyal 429 har da harajin kashi 15. Da na jona shi sai ya nuna 3.63. Ɗan yayata da ke zaune kusa da ni ya zabura: "Kawu, sun cuce ka, mu koma!" Sai da na zaunar da shi na yi masa lissafi. Masu ƙera rumbu da dubu-dubu suke ƙirga, Windows kuma da 1,024 take ƙirga, bambancin ne yake taruwa. Bai gamsu ba. Ya ce ko ma dai mene ne, kuɗin huɗu na biya.

Talata, 25 ga Yuni

Kwafa kawai. Na fara da marar lafiyan, don shi ne ba shi da tabbas. Dare biyu ya ɗauka, fayil 14 sun ƙi fitowa. Na rubuta sunayensu a takarda.

Juma'a, 28 ga Yuni

Yau na ɗora Playnite, manhaja ce ta kyauta da ke tattaro duk wasannin mutum daga shaguna daban-daban ta jera su a fuska ɗaya, da hoton bangonsu da shekarar fitowarsu da awannin da ka yi a kai. Na haɗa asusun uku, na je na sha shayi na dawo, na tarar da abin kunya: Steam 187, Epic 263, GOG 41. Jimla 491. Da na ce ta nuna mini waɗanda na taɓa buɗewa ko da sau ɗaya, sai suka koma 96.

Na Epic ɗin nan kusan duk kyauta ne. Tun watan Mayun 2020 da suka raba GTA V a banza, lokacin ana zaman gida na korona, na kamu da al'adar shiga kowace Alhamis da ƙarfe shida na yamma in danna in karɓa. Ko sunan wasan ba na karantawa. Haka aka yi na mallaki wasa 38 sau biyu, wasu ma na saya da kuɗina a Steam alhali suna kwance a Epic tun tuni. Ɗaya daga ciki riyal 89 na biya.

Kuma don tsautsayi, jiya aka buɗe gwanjon bazara na Steam, zai kai har 11 ga Yuli. Na yi wa kaina doka: ba na sayen komai sai na duba Playnite tukuna.

Asabar, 29 ga Yuni

Yau saura ƙiris in yi ɓarna. A rumbu mai giga 500 na tarar da fayiloli fiye da ɗari huɗu zube a waje, babu folda, sunayensu duk sun fara da "ul." sai wasu haruffa da lambobi marasa kan gado, ƙarshensu .00, .01, .02. Kusan kowanne giga ɗaya. Na ɗauka tarkace ne da wata manhaja ta bari. Har na zaɓe su duka, yatsana na kan maɓallin gogewa, sai zuciyata ta ce kira Yaya. Awa biyu muke gaba da su, na san ya dawo daga kasuwa.

"Yaya, waɗannan ul-ul ɗin da suka cika ƙaramin rumbu, shara ce ko?"

"Kai! Kada ka soma. Shagon ne gaba ɗaya a nan."

Ya yi mini bayani yana dariya. Da faifai suka dame shi da karcewa, sai ya koma kunna wasannin PS2 daga rumbu ta USB da manhajar Open PS2 Loader. A lokacin sai rumbun da aka tsara da FAT32 take karantawa, shi kuma FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai giga 4, alhali faifan DVD na ɗaukar har 4.7. Maganin shi ne USBUtil, wadda ke yanka wasa gunduwa-gunduwa. Sunayen na gaskiya suna cikin wani ɗan mitsitsin fayil, ul.cfg. Da na goge shi, da sai dai in riƙa duba lamba ɗaya-ɗaya.

Wannan manhajar da ta yanka ita ce ke mayar da su. Na samu wasa 131. Sai da na yi shiru na ɗan lokaci ina tunanin abin da na kusa yi.

Alhamis, 4 ga Yuli

Shida na yamma ta yi, hannuna ya tafi Epic da kansa. Na karɓa. 264.

Asabar, 6 ga Yuli

Ranar suna. Yaya mutumin kirki ne, amma wajen sa wa fayil suna Allah ya shirye shi. Akwai "kwallo", "kwallo sabo", "kwallo sabo 2", "kwallo na gaske", da "kar a taba". Akwai waɗanda ya rubuta da Larabci a tsohuwar kwamfutar shago, yanzu sun rikiɗe sun koma alamomin tambaya da wasu haruffa masu ƙaho. Akwai folda mai suna "New" a cikin folda mai suna "New" har hawa biyar.

Tsarin da na tsayar: folda ɗaya ga kowace na'ura, a ciki sunan wasa, yankinsa, sai lambarsa. Lambar ce ta cece ni, domin kowane faifan PS2 na ɗauke da ita a cikinsa: SLUS na Amurka, SLES na Turai, SLPM ko SLPS na Japan. Da ita na gane "kwallo na gaske" Winning Eleven 10 ne na Japan, "kwallo sabo" kuma PES 6 na Turai. Dukansu na 2006, 'yan gida ɗaya ne amma ba abu ɗaya ba, duk wanda ya zauna a shagon gem ya san musun da ake yi a kan wanne ya fi daɗin hannu. Na bar su duka.

Maimaici kuwa ba da suna na neme su ba, suna yaudara ne. dupeGuru na sa ta duba cikin fayilolin, ta fito mini da waɗanda suke daidai ƙwaya da ƙwaya ko da sunansu ya bambanta. God of War II sau huɗu. San Andreas sau shida. Na samu sararin giga 280.

Wata magana da ba zan ɓoye ba: yawancin faifan shagon kwafi ne, irin na riyal goma da kowa ke saya a wancan zamanin. Na asali 23 na ƙirga a jakar. Ban da fatawa a kan abin da ya wuce, amma na yanke wa kaina cewa duk wanda har yanzu ana sayarwa kuma ina son bugawa, zan saya. Na fara da uku a gwanjon nan, riyal 47. Gobe ɗaya ga Muharram, Allah ya sa mu shiga a sa'a.

Juma'a, 12 ga Yuli

Matse wasannin PS2 zuwa CHD, wani nau'in matsattsen fayil, da chdman, wani ɗan kayan aiki da ke zuwa tare da manhajar MAME. Yana rage girma ba tare da zubar da komai ba, kuma PCSX2, manhajar da ke kunna wasannin PS2 a kwamfuta, na karanta shi kai tsaye. Giga 612 sun koma 405. Wasu sun ragu da fiye da rabi, saboda an cika faifansu da fanko ne tun asali, wasu kuwa ko gezau.

Zafi ne matsalar. Na bar aikin yana tafiya na tafi masallaci, uwargida ta kashe mukayyif ɗin ɗakin, wato na'urar sanyaya ɗaki, tunda ba kowa. Na dawo na tarar rumbun ya haura digiri 55, ba ya taɓuwa. Ban ce komai ba, ita ma ta san kuɗin wuta na Yuli. Na sayo ƙaramar fanka ta USB, riyal 30, na ɗora rumbun a kan murfin kwalba huɗu don iska ta ratsa ƙasansa. Ya sauko 41.

Asabar, 13 ga Yuli

Rumbu na biyu mai tera 4, riyal 415, domin ajiyar ko-ta-kwana. Na kuma sayi makarancin DVD na waje, riyal 65, don kwafe faifan asalin nan. Na yi 9, ɗaya ya ƙi saboda karce.

Juma'a, 19 ga Yuli

Innalillahi. Zan rubuta yadda abin ya faru daki-daki don kada in sake.

Ina amfani da wata manhaja mai daidaita rumbu biyu. Kana sa na asali a hagu, na ajiya a dama, ka ce ta mayar da dama kamar hagu. Duk abin da ke dama wanda babu shi a hagu, gogewa take yi, aikinta ke nan. Ranar Asabar na yi kwafin farko lafiya. A cikin makon kuma na ci gaba da aiki a kan na asalin: na gama gyara sunayen PS1, na kwafe sauran faifan asali, kuma na tattaro duk sebin ɗina, wato inda na tsaya a kowane wasa, daga tsohuwar laftof kafin in wanke ta in ba ƙanwata.

Daren jiya na jona rumbunan ba a jerin da na saba ba. Windows ta ba wannan harafin wancan, E ya koma F, F ya koma E. Rumbunan kamarsu ɗaya, launi ɗaya, ban sa musu suna ba. Manhajar ta nuna mini jerin abin da za ta goge, ja wur, fayil dubu da wani abu. Na gani da idona. Na ce a raina ai tsofaffin sunayen da na canza ne, na danna. Ƙarfe ɗaya da rabi na dare, ido ya yi nauyi. Kuma ni da hannuna na canza saitin tun farko daga jefawa a kwandon shara zuwa gogewa ta dindindin, wai don kwandon na cika da wuri.

Sai da safe na buɗe foldar sebin na ga wayam. Aikin kwana shida ya tafi, wannan mai sauƙi ne, ana sakewa. Wasannin Steam ma ban damu ba, ko yau na so zan sauke su, kuma yawancinsu sebin ɗinsu na can a ajiyar Steam ta intanet. Abin da ya tsaya mini a wuya su ne na wasannin da ba su da wannan gatan. Akwai wani aikin koci da na yi kaka goma sha ɗaya ina ginawa tun ina saurayi. Laftof ɗin kuma na riga na wanke ta.

Abu ɗaya na yi daidai: na zare rumbun nan take, ban sake rubuta komai a kansa ba. Fayil da aka goge yana nan kwance har sai an ɗora wani a gurbinsa.

Ko abincin rana ban iya ci ba. Uwargida ta leƙo ta ce, "Wai duk a kan gem ne wannan jimamin?" Na ce mata e.

Asabar, 20 ga Yuli

TestDisk, manhajar ceto fayilolin da aka goge, daga safe har La'asar. Baƙin allo ne da rubutu, ba hoto ba ado, amma a rumbu mai tsarin NTFS tana iya nuna fayilolin da aka goge da sunayensu. Na kwashe su zuwa tsohon rumbu mai tera 2, ba kan wanda abin ya faru ba. Ƙananan fayiloli kusan duk sun dawo, har da aikin kocin, alhamdu lillahi. Manya guda 7 sun dawo a lalace, saboda manhajar ta riga ta rubuta wasu abubuwa a gurbinsu lokacin daidaitawar. Biyar na faifan asali ne, zan sake kwafa. Biyu sebin ne, sun tafi.

Gyaran da na yi: na sa wa rumbunan suna a cikin Windows, UWA da 'YA, na kafe wa kowanne harafinsa, na manna farin salatif a jikinsu na rubuta da maka. Gogewa ta koma kwandon shara. Sebin kuma na miƙa wa Ludusavi, wadda ta san inda kowane wasa ke ɓoye nasa, ko a Documents ko a AppData ko wani lungu, ta tattaro su wuri guda. Duka-duka ba su kai giga 3 ba. Na yi musu kwafi uku, ɗaya a intanet.

Ba na sake daidaita rumbu bayan sha biyun dare.

Juma'a, 26 ga Yuli

Na samu PS2 siririya a manhajar saye da sayarwa ta Haraj, hannun wani bawan Allah a arewacin gari, riyal 150 da hannu ɗaya. Na tabbatar 'yar jerin 70000 ce kafin in biya, domin na ƙarshe-ƙarshen jerin 90000 ba sa tashi da FreeMcBoot, wanda ke ba PS2 damar buɗe manhajojin da ba nata ba, ni kuwa shi nake buƙata. Memori mai ɗauke da shi riyal 35. Da shi na buɗe uLaunchELF, manhajar kwashe fayil a PS2, na kwashe abin da ke cikin memorin Yaya huɗu zuwa filasha, na kuma ciro BIOS ɗin na'urar, wato ɗan fayil ɗin da ke tayar da ita, don PCSX2, wadda sabon zubinta na 2.0 ya fito a watan nan.

Kowane memori mega 8 ne kacal. Hoto biyu na wayata sun fi shi nauyi. A na uku, wanda aka ɗaure da baƙin salatif, akwai fayil ɗin gyare-gyaren PES 6 wanda bai kai mega 2 ba. Na ɗora shi, na shiga zaɓen ƙungiya, ina wucewa sai ga SABIL da manyan baƙaƙe, riga kore da fari.

Na manta da ita sam. Yaya ne ya zauna da hannun gem, harafi ɗaya-ɗaya, ya ƙirƙiri yaran layinmu su 23. Kowa da tsayinsa da askinsa. Ya ba kansa lamba 10 da ƙarfin shot 99. Ni ya sa ni gola na biyu, tsalle 41, abin da har yau ban yafe ba. Mai lamba 7 ya rasu shekara huɗu da suka wuce, Allah ya jiƙansa. Uku suna Kano, ɗaya Nyala ta Sudan aka ce ya koma wajen dangin mahaifiyarsa kafin yaƙin nan, ba mu da labarinsa. Sauran sun watsu a unguwannin Jidda da Makka, rusau ya raba lambobin waya da ƙofofin gida.

Na ɗauki hoton allon na tura wa Yaya. Ya buɗe, ya yi minti goma bai ce komai ba. Sai ga saƙon murya: "Ka duba min, na sa wa mai gyaran keke gudu nawa? Ya yi shekara yana min ƙorafi." Na duba. 62. Ya ce in mayar masa 80, ya ci albarkacin tsufa. Ban taɓa ba, na dai yi kwafi na biyu na gyara a can.

Litinin, 29 ga Yuli

Yau aka rufe shagon intanet na Xbox 360, kamar yadda aka rufe na 3DS da Wii U a watan Maris na bara. Ba ni da ko ɗaya a cikinsu, amma labarin ya sa na sake kallon jerin nan na Playnite da wani ido. Na Steam da Epic izinin bugawa ne a asusuna. Na GOG ne kawai zan iya sauke fayil ɗin ɗorawa in ajiye a rumbu, in ɗora ko babu intanet. Na fara sauke duka 41 ɗin, da daddare kawai don kada yara su yi kukan YouTube na tsayawa.

Juma'a, 2 ga Agusta

Na raba jerin gida huɗu a Playnite: ana bugawa, an gama, wata rana, da ba za a taɓa ba. Na ƙarshen ya kwashe 302, na ɓoye su daga gani. Na kuma ware na yara daban, guda 34, bayan na buɗe kowanne na gani da idona, don lambar shekarun da ke jikin bango ba ta san tarbiyyar gidanmu ba.

Ɗan yayata ya zo, kansa cike da gasar duniya ta wasannin gem da ake yi a Riyad, wai kyautar ta haura dala miliyan 60, shi ma can ya nufa. Na miƙa masa hannun PS2 na ce ya fara cin SABIL tukuna. Ya sha uku da nema. Ya ce hannun ne ba shi da kyau.

Juma'a, 9 ga Agusta

Wata gudan ya zama mako bakwai. Kuɗin da suka fita zuwa yau riyal 1,171, rumbu biyun ne suka cinye 844 a ciki.

Saura: faifan nan mai karce in kai a goge shi a gwada, fayil 14 na marar lafiyan rumbu, na gano 9 suna da kwafi a wani wurin, biyar ban san ko mene ne ba, hotunan bango na wasannin Japan da Playnite ta kasa samowa, sai na nema da hannu. 'YA kuma bai kamata ta kwana ɗaki ɗaya da UWA ba, gobe zan kai ta gidan Umma, in riƙa ɗaukowa duk ƙarshen wata.

Wani maƙwabcinmu zai tafi Kano ranar Laraba. Na sayi filasha zan zuba wa Yaya PCSX2 da PES 6 da fayil ɗin SABIL, na asalin da wanda aka ƙara wa mai gyaran keke gudu. Sai dai ban san ko kwamfutarsa za ta ɗauka ba, na tambaye shi samfurinta tun shekaranjiya, ya turo mini hoton murfinta a rufe.